Matan Leƙen Asiri Da Sirrin Gida A Ƙagaggun Labaran Tarihi: Tambayoyi Da Amsoshi

Duk ranar Asabar bayan la'asar mukan taru a wani gida kusa da Ƙofar Soro, nan cikin birnin Katsina, mu yi karatu tare. Yawancinmu malaman makaranta ne, sai ma'aikatan jinya biyu da wasu 'yan mata ɗalibai. A damunar da ta wuce muka ɗauki labaran matan da suka yi aikin leƙen asiri a lokacin yaƙi, irin waɗanda jika takan tono abin da kakarta ta binne a ciki shekara da shekaru. Tambayoyi suka yi ta zuwa, wasu a wurin zaman, wasu ta WhatsApp da daddare. Na tattara waɗanda aka fi maimaitawa, na amsa gwargwadon abin da na karanta da abin da na gani a gidajenmu.

Malama, wane irin labari ne wannan ɗin?

Ƙagaggen labari ne da aka kafa shi a kan abin da ya faru da gaske. Yaƙin gaskiya ne, garuruwan na gaskiya ne, shekarun ma haka, amma mutanen da ke gaba-gaba marubuci ne ya ƙirƙire su. Galibi akan raba shi gida biyu: babi ɗaya a zamanin yaƙi, babi ɗaya a yau. Tsohuwa ta rasu, ana rabon kayanta sai a ci karo da wata takarda ko hoto ko lambar yabo, daga nan jika ta shiga bin sawu.

Da gaske mata sun yi wannan aiki, ko dai ƙarin gishiri ne na marubuta?

Sun yi, kuma da yawa. A Yaƙin Duniya na Biyu, wanda kakanninmu ke kira yaƙin Hitila, Ingila ta tara masu warware rubutun ɓoye na sojojin Jamus a wani gida da ake kira Bletchley Park. A watan Janairun 1945 ma'aikatan wurin da rassansa sun kai kusan 9,000, kuma kashi uku cikin huɗu mata ne. Ɗaya daga cikinsu, Mavis Lever, tana da shekara 19 ta taimaka aka karanta saƙonnin sojan ruwan Italiya, abin da ya ba Ingila nasara a gwabzawar Matapan a watan Maris na 1941. A Amurka ma mata fiye da 10,000 suka yi irin wannan aiki.

Waɗannan suna zaune ne a ofis. Akwai kuma waɗanda aka jefa tsakiyar abokan gaba. A 1940 Ingila ta kafa wata hukumar ɓoye mai suna SOE, wadda ta tura mata kusan 40 cikin Faransa lokacin da Jamus ke riƙe da ita. Wasu an sauke su da laima cikin dare, wasu ƙaramin jirgi ya ajiye su a gona ya juya. Aikinsu kai saƙo, ɗaukar kuɗi, da buga waya ta iska zuwa Landan. Fiye da 10 daga cikinsu ba su dawo gida ba. Dalilin zaɓen mata a fili yake: namiji matashi da ke yawo a gari za a tare shi a tambaye shi me ya hana shi aiki, amma mace a kan keke da kwandon cefane, wa zai kula ta?

Josephine Baker, baƙar fata mawaƙiya haifaffiyar Amurka, ta riƙa ɗaukar bayanai da tawadar da ido ba ya gani a jikin takardun waƙoƙinta. A yaƙin neman 'yancin Aljeriya, daga 1954 zuwa 1962, mata irin su Jamila Buhaired sun ratsa shingayen sojan Faransa da saƙonni da makamai.

Akwai Musulma a cikin waɗanda Ingila ta tura?

Akwai, kuma labarinta ya sa wasu daga cikinmu hawaye ranar da muka karanta shi. Sunanta Nur Inayat Khan. An haife ta a Mosko a 1914. Mahaifinta malamin Sufaye ne ɗan Indiya, mahaifiyarta Ba'amurkiya, ta tashi a Faransa tana rubuta tatsuniyoyin yara. A watan Yunin 1943 aka sauke ta a Faransa a matsayin mai aika saƙo da na'ura, sunanta na ɓoye Madeleine. Cikin 'yan kwanaki 'yan sandan ciki na Jamus suka kame kusan duk abokan aikinta. Ta ci gaba ita kaɗai, yau tana wannan ɗaki gobe tana wancan, domin Jamusawa suna da motoci masu bin diddigin inda saƙo ke fitowa. Wata huɗu ta yi haka kafin a ci amanarta a kama ta a watan Oktoba. Ta yi yunƙurin tserewa, aka kai ta kurkuku a Jamus aka ɗaure ta da sarƙa hannu da ƙafa wajen wata goma. Ranar 13 ga Satumba 1944 aka harbe ta a sansanin gwale-gwale na Dachau, tana da shekara 30. A 1949 aka ba ta lambar George Cross, a 2012 aka kafa gunkin tunawa da ita a Landan.

Abin da ya fi tsaya mini a rai shi ne mahaifiyarta. Lokacin da Nur ta tafi, ba a gaya wa uwar inda aka kai 'yarta ba. Duk uwar da ta taɓa raka 'ya tasha ta san nauyin wannan.

To bayan yaƙi ya ƙare, me ya hana waɗanda suka rayu su faɗa?

Nan ne zuciyar maganar, don haka zan ɗan daɗe a kai.

Da farko akwai doka. Duk wanda ya shiga Bletchley Park sai da ya sa hannu a kan dokar riƙe sirrin gwamnati, aka gargaɗe shi cewa in ya yi magana ɗauri ne. Duniya ba ta san abin da aka yi a gidan ba sai 1974, shekara kusan 30 bayan yaƙi. Kafin nan iyayen da yawa daga cikin matan sun mutu suna zaton 'yarsu akawu ce kawai mai buga tafireta. An samu mata da miji da suka yi aiki a wuri ɗaya, suka haifi 'ya'ya, suka aurar, ba wanda ya gaya wa ɗan'uwansa takamaiman abin da ya yi. Sai a 2009 gwamnatin Ingila ta ba waɗanda suka rage lambar tunawa.

Na biyu akwai ciwo. Eileen Nearne ta buga waya a Faransa, an kama ta a 1944, an azabtar da ita, an kai ta sansanin Ravensbrück, daga baya ta tsere. Ta rasu a 2010 tana da shekara 89, ita kaɗai a ɗakinta a wani gari na bakin teku a Ingila. Maƙwabtanta ba su san ko wace ce ba sai da aka shiga kwashe kayanta aka ga lambobin yabo da takardu. Doka ta daɗe da sakin harshenta, amma abin da ta gani ba na zaman hira ba ne.

Na uku kuwa shi ne wanda mu muka fi kowa sani: kunya da tsoron bakin mutane. Macen da ta kwana a gidajen baƙi, ta sauya suna, ta yi ƙarya don ta rayu, ta zauna teburi ɗaya da abokin gaba, in ta dawo gida ina za ta fara bayani? Namiji ya dawo ana kiransa jarumi, ita ta dawo ana tambayar ina ta kwana. Sai ta haɗiye. Hausawa suka ce ciki ba don tuwo kaɗai aka yi shi ba, kuma mu Katsinawa kirarinmu ma ya faɗa: kunya gare ku ba dai tsoro ba. Shi ya sa nake ganin mai karatu Bahaushe ya fi Bature saurin gane waɗannan labarai. Mun tashi a hannun matan da ba sa faɗin sunan ɗan fari, ba sa faɗin sunan miji, waɗanda za su yi shekara 50 da magana a ciki fuskarsu ba ta nuna ba. A wurina ƙarfin irin wannan littafi yana cikin wannan shirun da abin da ya jawo wa 'ya'ya: uwar da ke firgita in an buga ƙofa da dare, ɗiyar da ta tashi tana zaton ba a sonta alhali uwar tsoron shaƙuwa take yi.

Anti, ba addini ya hana leƙen asiri ba?

Aya ta 12 a Suratul Hujurat ta hana bin diddigin laifin juna, wato sa ido a kan maƙwabci da ɗan'uwa don a tona shi. Neman labarin abokin gaba a lokacin yaƙi wani babi ne daban, kuma yana cikin Sira. A daren yaƙin Handak Manzon Allah (SAW) ya aiki Huzaifa ɗan Yaman ya shiga sansanin Ƙuraishawa ya dawo da labari. A lokacin Hijira, Asma'u 'yar Abubakar (RA) ita ta shirya guzuri har ta tsaga ɗamararta biyu ta ɗaure shi, kuma da Abu Jahil ya zo ya tambaye ta ina mahaifinta, ya mare ta, ba ta faɗa ba. Gab da buɗe Makka kuma an tare wata mata a hanya ɗauke da wasiƙar Haɗibu zuwa ga Ƙuraishawa, ta fito da ita daga cikin kitsonta. Tun wancan zamani an san mace tana iya ɗaukar abin da namiji ba zai wuce da shi ba.

Duk misalan nan na ƙetare ne. Me ya haɗa Katsina da Daura da wannan?

Abin da ya haɗa su ya fi yadda muke zato. Da Faransa ta faɗi hannun Jamus a watan Yunin 1940, yankunanta na Afirka ta Yamma, har da Nijar, suka bi gwamnatin Vichy mai ɗasawa da Hitila. Haka aka zauna har ƙarshen 1942. Cadi ce ta balle tun Agustan 1940 ta bi Janar de Gaulle, jagoran Faransawan da suka ƙi miƙa wuya ga Jamus. Ma'ana, fiye da shekara biyu, iyakar da ke Jibiya da ta Kongolam iyaka ce tsakanin ɓangarori biyu da ba sa ga maciji. Ga filin jirgin saman Kano, wanda jiragen yaƙin Ingila ke yada zango a kan hanyarsu daga Takoradi zuwa Maiduguri, Hartum, har Masar. Kowane ɓangare yana da dalilin son sanin abin da ɗayan ke ciki.

Su wa ke zaune a bakin wannan iyaka? Dangi ɗaya. Sarakunan Haɓe na Katsina ne suka kafa Maraɗi bayan jihadi, har yau sarkin can Sarkin Katsina ake ce masa. Tsakanin Daura, Zango, Ɓaure da ƙasar Damagaram aure da kasuwa ba su taɓa yankewa ba. Biki, suna, gaisuwar mutuwa, wankan jego, duk mata ne ke ƙetarawa.

A daidai lokacin kuma ana kwasar samari zuwa soja. Runduna ta 81 da ta 82 ta Afirka ta Yamma sun yi yaƙi da Japan a Bama daga 1943 zuwa 1945, kuma Hausa ce harshen bariki. Sarkin Katsina Usman Nagogo, wanda ya gaji mahaifinsa Sarki Dikko a 1944, ya je har can ya gai da sojojinmu. Daga 1942 kuma, bayan Japan ta ƙwace Malaya, aka riƙa ɗibar maza da ƙarfi daga lardunan Arewa zuwa haƙar kuza a Jos. Gidaje da yawa mata ne suka riƙe su. Wannan duk filin labari ne da yake kwance ba a nome shi ba.

To zan iya rubuta Bakatsiniya sanye da kaki tana aiki da sojan Ingila a 1942?

Kada ki yi. Sojojin da aka ɗauka a nan maza ne, kuma duk wanda ya san tarihi zai ajiye littafin daga shafin farko. Ba ki ma buƙatar kaki. Dubi matan da al'adarmu ta riga ta buɗe wa kowace ƙofa. Jakadiya tana shiga tsakanin sarki da cikin gida, tana kai saƙon fada inda dogari ba ya isa. Dillaliya tana ratsa gidajen kulle da ƙullin kaya, ta san wadda ta sayar da tasoshinta da wadda mijinta ya yi baƙi daga arewa. Ga ungozoma, ga mai kitso, ga 'yar talla, ga tsohuwa mai fataucin daddawa da kanwa. Tun ƙarni na 19 Nana Asma'u 'yar Shehu ta tura jajis ɗinta, wato matan da ta koyar don su koyar da wasu, ƙauye-ƙauye da waƙoƙin karantarwa a ka, abin da ke nuna saƙo mai nauyi yana tafiya ta bakin mata ba tare da takarda ba.

Ki ɗauki ɗaya daga cikin waɗannan, ki ba ta 'yar'uwa a Maraɗi da miji a Bama, ki sa wani ɗan aiken Di'o ya ce mata in ta je biki ta ƙirga motocin soja. Wannan ƙage ne, kuma haƙƙinki ne ki ƙaga, muddin kin faɗa wa mai karatu a ƙarshen littafi wane ne na tarihi, wane ne naki.

Wane kuskure aka fi yi?

Kuskuren zamani. Naira ba ta zo ba sai 1973, saboda haka a hannun jarumarki fam ne da sule da sisi da kwabo da anini, in ta ƙetara kuma tamma. Babu jihar Katsina sai 1987, a lokacin lardi ne, da Razdan da En'e. Jirgin ƙasa bai shigo birnin Katsina ba, sai an je Funtuwa ko Kano. Makarantar 'yan mata ta boko an fara ta a Katsina wajen 1930 a zamanin Sarki Dikko, amma 'yan ƙalilan ne suka shiga, don haka in jarumarki za ta yi rubutu, ajami ya fi dacewa da ita. Labarin yaƙi kuwa a jaridar Gaskiya Ta Fi Kwabo ake jin sa, wadda ta fara fita a 1939, mutum ɗaya ya karanta, goma su saurara.

Wani kuskuren da ya fi damuna shi ne mai da matar aljana: kyakkyawa, ba ta tsoro, ba ta kuskure. Ainihin aikin gajiya ne da jira. Matan Bletchley sun yi ta aikin awa takwas-takwas dare da rana a ɗakuna masu sanyi, da yawansu ba su ma san amfanin abin da suke bugawa ba. Nur kanta ta yi kuskure, ta ajiye kwafin saƙonninta a littafi, Jamusawa suka same shi suka yi amfani da shi. Wannan bai rage mata daraja a idona ba.

Dole sai an sa soyayya?

Ba dole ba ne. In ta zo da kanta, a bar ta. Amma ƙaunar ya da ƙanwa da iyaka ta raba, ko ta uwa da ɗan da ta ba wata riƙo don ta tsare shi, ta ishi littafi.

Hajiya, na san wani sirri na gidanmu da ya dace da irin wannan labari. In rubuta?

Ki tsaya tukuna. Wanda ya rufa wa Musulmi asiri Allah zai rufa masa nasa, hadisi ne ingantacce, kuma garin tone-tone kaza kan tono wuƙar yanka ta. Sirrin gidajenmu ba ƙananan abubuwa ba ne: asalin bauta, auren fari da aka shafe, ɗan da ba na gidan ba, kakan da ya yi wa Turawa aiki a kan mutanensa. A Katsina kowa ya san kowa. Kin sauya suna kin bar unguwa da sana'a, kafin magariba an gane gidan, kuma mai yiwuwa wata ƙanwarki ce za ta rasa miji a kai.

Lokacin da kakata ta rasu, muka buɗe adakarta muka tarar da lambar kakanmu ta Bama, da tamma uku ƙulle a tsumma, da hoton wata mata da babu wanda ya santa a cikinmu. Gwaggona ta karɓi hoton ta daɗe tana kallo, sannan ta ce yayar kaka ce da aka aurar a Maraɗi, wadda ba a ambaton sunanta a gidan. Ta gaya mini dalili, ta kuma ce kada ya wuce ni. Bai wuce ba, kuma ba zai shiga littafi ba. Abin da na ɗauka daga ranar shi ne yadda hannun Gwaggo ya riƙa rawa, da yadda ta kifa hoton a cinyarta kafin ta fara magana. Wannan za ki iya ɗauka ki ba mutanen da kika ƙaga, a garin da kika sauya, ba ki cuci kowa ba.

In kuwa sirrin na zalunci ne da aka yi wa wata aka rufe bakinta, kuma ita ko 'ya'yanta suna so a faɗa, to wannan wata magana ce. Su za ki tambaya.

Ina zan samo bayanan tarihi?

Gidan adana takardun tarihi na ƙasa da ke Kaduna yana da fayilolin lardin Katsina na zamanin Turawa, ga kuma Gidan Arewa a can Kadunan. A nan gida akwai Hukumar Tarihi da Al'adu ta jiha, da gidan tarihi da ke tsohon ginin Kwalejin Katsina. Ki tafi da sanin cewa waɗannan takardu maza ne suka rubuta su game da maza, mace takan fito ne a shari'ar aure ko ta gado. Sauran sai a bakin tsofaffi.

Kakata tana da rai, ta haura 90. Ta yaya zan tambaye ta ba ta rufe ni da faɗa ba?

Kada ki je da biro da takarda, kada ki ce kin zo bincike. Ki je da goro ko turare, ki zauna ki matsa mata ƙafa. Kada ki tambaye ta yaƙi, ki tambaye ta nawa ake sayar da gishiri shekarar da aka yi mata aure, wa ya yi mata kitson biki, da me aka kai ta, jaki ko doki. Wadda ta haura 90 yau yarinya ce a lokacin yaƙin Bama, saboda haka abin da za ta ba ki shi ne abin da ta gani a wurin uwarta da gwaggwanninta: wa ke zuwa da dare, wa ke tafiya arewa ta daɗe, wace waƙa ake yi a bakin turmi in an tuna waɗanda aka ɗiba. In za ki naɗi muryarta a waya, ki gaya mata, ki kuma nemi izini. In ta kai wani wuri ta ce "bar wannan, 'yar nan", ki bari, ki kawo mata ruwa, ki koma maganar gishiri. Ranar Juma'a mai zuwa ki sake dawowa da goronki.